Yarima Bai Ma Tambayi Sunanta Ba: Muhawara Kan Soyayyar Finafinan Katun

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata tambaya 'yata ta jefo mini jiya da daddare, har yanzu ban samo amsar da ta gamsar da ni ba, balle ita. Shekararta 7. Muna kallon Cinderella, tsohon nan na 1950, aka zo inda ake yawo da takalmin gilashi gida-gida ana gwada wa 'yan mata. Sai ta juyo ta ce, "Mama, shi yariman bai ga fuskarta ba ne? Ai tare suka yi rawa." Na ce mata dare ne. Ta ce, "To me ya hana shi tambayar sunanta?" Nan bakina ya mutu.

Da ta yi barci na zauna ina tuno irin waɗannan finafinan da muka tashi da su. Wata tana kwance kamar gawa sai wani ya zo ya sumbace ta ta farka. Wata ta ba da muryarta don ta samu namijin da ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Wata an kulle ta a gidan dodo har ta kamu da son sa. Ba cewa nake a daina kallo ba, ni ma ina jin daɗinsu. Abin da nake so mu tattauna shi ne: wane irin hoton mace da namiji soyayyar katun take zana wa yara? Sababbin da ake ta yabo kuma, da gaske sun gyara, ko riga kawai aka canza?

Abban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Haba Maman Ilham. A fim ɗin nan ɓeraye suna ɗinka riga, kabewa ta koma keken doki, duk bai dame ki ba sai sunan da ba a tambaya ba? Katun ne fa. Mu ma mun kalla muna yara, ga mu nan lafiya ƙalau.

Ummi Ɗaliba:
Yaya, wannan "lafiya ƙalau" ɗin ita ce abin bincike.

Ɗan Auta:
Hhhh an fara. Ni dai na gyara zama.

Maman Ilham:
Abban Khalifa, yaro ya san ɓera ba ya ɗinki, don yana ganin ɓera. Soyayya fa? Bai taɓa ganin ta ba sai a allon nan. Abin da ya san ƙarya ne ba ya yi masa illa. Wanda ba shi da abin gwada shi, shi ne yake zama a kai.

Malam Mai Zane:
Bari in sa baki, tunda zane sana'ata ce. Ilham ta lura da abin da manya da yawa ba su lura ba, amma akwai ƙari: ba ma yariman ne ya fita yawo da takalmin ba. Wani babban bafade aka tura, shi yana zaune a fada. Kuma tun farko ba shi ya shirya bikin rawar ba, ubansa ne sarki, don ya ƙagu ya ga jikoki. A duk fim ɗin ba a faɗi sunan yariman ba. Haka na Snow White, wanda ya fito a 1937: ya bayyana a farko ya rera waƙa, ya ɓace, sai a ƙarshe ya dawo ya yi sumba ya ɗora ta a doki. Shi ma ba suna.

Don haka ni a ganina tsofaffin finafinan nan ba mata kaɗai suka rage wa daraja ba. Namijin ma ba mutum ba ne a cikinsu, tukuici ne. Kamar kofin da ake miƙa wa wanda ya ci gasa. Yarinya ta yi haƙuri, ta yi shara, ta yi murmushi, a ƙarshe a ba ta yarima. Ba ya fushi, ba ya tsoro, ba ya kuskure, ba shi da abin da yake so a duniya ban da ita.

Sai a Sleeping Beauty na 1959 aka ba yarima suna, Phillip, aka ba shi doki mai wayo da 'yar jayayya da ubansa. Ita kuwa gimbiyar da aka sa wa fim ɗin sunanta, duka-duka fitowarta ba ta wuce kusan minti 18 ba. Yaƙin da ya yi da matsafiyar ma, aljanun nan uku mata su suka kwance shi daga kurkuku, su suka ba shi takobi da garkuwa, su suka yi wa takobin tsafi kafin ya jefa. Idan ka duba da kyau, mata ne suka yi aikin fim ɗin kaf, na alheri da na sharri, amma tsofaffi. Budurwar aikinta barci.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Akwai wasiƙar da kamfanin Disney, mai waɗannan finafinan, ya aika wa wata matashiya a 1938 da ta nemi koyon aikin zane, aka amsa mata cewa mata ba sa yin aikin ƙirƙira a wurin, samari ne ke yi, mata aikinsu bin layin zane da tawada da cika fenti. Alhali kuwa dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya mace ce ta yi shi, Lotte Reiniger, a Jamus, 1926, da yankakkun kwali da almakashi. Ba iyawa ce babu ba, ƙofa ce aka rufe.

Hajiya Kaka:
Ɗana Mai Zane, na ji bayaninka, Allah ya ƙara basira. Amma ku yaran yanzu akwai abin da ba na so a bakinku, wato raina haƙuri. Cinderellar nan marainiya ce, matar uba ta mayar da ita baiwa a gidan ubanta. Ba ta zama muguwa ba, ba ta huce a kan na ƙasa da ita ba. Kun ɗauka wannan ƙaramin ƙarfi ne? Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin wani ba shi ke cewa da ta tashi ta tafi. Ta tafi ina? Labarin fa tsoho ne, tun 1697 wani Bafaranshe ya rubuta wannan da aka yi fim ɗin da shi. A wancan zamani macen da ba ta da uba ba ta da dukiya, wace ƙofa ce a buɗe gare ta ban da aure?

Kuma ku sake kallo. Ita ba miji ta fita nema ba. Dare ɗaya ta roƙa ta fita ta sha iska kamar kowa. Ba ta ma san yarima ne ta yi rawa da shi ba. Da takalmin ya fashe, wa ya fito da ɗayan daga aljihu? Ita ce.

Ummi Ɗaliba:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban raina haƙuri ba wallahi. Tambayata ɗaya ce: me ya sa kullum mace ake jarabawa da haƙuri, namiji kuma da jarumta? A nuna mini katun ɗin wancan zamani da saurayi ya yi shekaru yana goge daɓe cikin murmushi har wata gimbiya ta zo ta ɗauke shi. Idan haƙuri ado ne, ai ya kamata ya yi wa kowa kyau.

Hajiya Kaka:
Wannan kuma kin yi gaskiya, 'yata. Ba ni da ta cewa a nan.

Ɗan Auta:
A rubuta ranar yau. Hajiya ta sallama wa Ummi.

Hajiya Kaka:
Kai Auta, ka kiyaye ni.

Ummi Ɗaliba:
Ni wadda ta fi ci mini rai ma ba tsofaffin ba ce, The Little Mermaid ce ta 1989, don a lokacin ido ya riga ya buɗe. Yarinya 'yar shekara 16 ta ga namiji sau ɗaya, ta je wurin mayya ta ba da muryarta a musanya mata da ƙafafu, aka ba ta kwana 3 ta sa ya sumbace ta. Wato ki yi shiru, ki yi kyau, zai so ki. Ta bar ubanta, ta bar 'yan uwanta mata 6, ta bar teku gaba ɗaya. Shi me ya bari? Ko takalmi bai cire ba.

Akwai wasu masana harshe biyu a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, da suka zauna suka ƙirga maganganun da ke cikin finafinan gimbiyoyin Disney, aka yaɗa sakamakon a 2016. Abin mamaki, a tsofaffin da muke zagi mata sun fi samun bakin magana: a Cinderella kusan kashi 60 cikin 100 na maganar ta mata ce, a Sleeping Beauty kashi 71. Da aka shigo zamanin da ake cewa an waye, sai lissafi ya kife. Maza ke da kashi 68 a The Little Mermaid, 71 a Beauty and the Beast, 77 a Mulan, 90 a Aladdin. Har Frozen na 2013, mai 'yan uwa mata biyu a tsakiyar labari, maza ne da kashi 59. Dalili? An ba jaruma bakin tsiwa, amma aka kewaye ta da maza: uba, saurayi, mugu, abokin barkwanci, kaguwa, kifi, ɗan dusar ƙanƙara, duk maza.

Anti Rabi:
Ƙanwata, lissafinki ya burge ni, amma kin ɗan zalunci 'yar ruwan nan. Tun kafin ta ga saurayin take tara tarkacen 'yan Adam a kogonta, cokula da kwalabe da su agogo, tana mafarkin tafiya a ƙasa. Shi dai ya zama sanadi. Kuma wa ya fara ceton wani? Ita ta tsamo shi daga teku jirginsu ya nutse. Sannan kar ki manta wa ya ba ta shawarar yin shiru: muguwar fim ɗin ce. Idan mayya ta ce maza ba sa son mace mai magana, ba darasi ake koyarwa ba, tarko ake nunawa.

Ummi Ɗaliba:
Anti, na yarda mayya ce ta faɗa. Amma dabarar ta kusa yin aiki ko ba ta kusa ba? Saura ƙiris ya sumbace ta a kwalekwale, ba tare da ya taɓa jin ra'ayinta kan komai ba. Fim ɗin ya ce tarko ne da baki, ya nuna yana ci da ido. Yaro kuma ido yake bi.

Malam Mai Zane:
A asalin labarin da Hans Christian Andersen ya wallafa a 1837, ba ta ma samu yariman ba. Wata ya aura, ita ta narke ta zama kumfar teku. Shi marubucin bai ɓoye tsadar abin da ta yi ba. Fim ne ya goge asarar ya bar cinikin.

Abban Khalifa:
To ku saurare ni, da gaske nake yanzu. Na ji kuna ta lissafin abin da aka yi wa mata. Ni ɗa namiji gare ni, shekara 9. Me yake gani a sababbin da kuke yabo? Namiji ko dai wawa ne da ake dariya da shi, ko mayaudari. A Frozen wanda ya zo da ladabi da fara'a shi ne ya ɗaga takobi zai kashe Elsa, yayar jarumar. A Brave samarin uku da suka zo neman aure duk an mayar da su abin ba'a. A Tangled saurayin ɓarawo ne, aka yi ta kwaɗa masa kaskon suya a ka, yara na ƙyalƙyala dariya. Ku juya abin: namiji ya kwaɗa wa mace kasko sau uku a katun ɗin yara, a ga ko fim ɗin zai kwana. Idan daidaito ake nema, ba a ɗaga ɗaya ta hanyar danne ɗayan.

Maman Ilham:
Maganar kaskon nan ta shige ni. Ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma na yi dariya a wurin.

Ummi Ɗaliba:
Yaya, ɗazu katun ne kawai, yanzu da aka taɓa maza ya zama abin damuwa?

Abban Khalifa:
Ke kika koya mini damuwar ai.

Anti Rabi:
Kowannenku na da rabin gaskiya. Amma Abban Khalifa, ka tsallake Kristoff na Frozen ɗin. Talaka ne mai sayar da ƙanƙara, ba shi da fada ba shi da takobi, ya kai ta inda za ta, ya dawo da ita, da ya ɗauka wani take so ya ja jiki ya tafi bai yi mata gori ba. A ƙarshe kafin ya sumbace ta sai da ya nemi izini. Ka gwada wannan da mai zuwa ya tarar da yarinya a kwance ba ta san inda kanta yake ba. Idan ɗanka zai ɗauki wani abu, ai ga shi nan.

Kuma shi mayaudarin da kake faɗa, darasinsa na 'yan mata ne: jarumar ta haɗu da shi da rana ta amince da aurensa da daddare, yayarta ta ce ba ta yarda ba. Kamfanin da ya yi shekara 70 da ɗoriya yana sayar da soyayyar kallo ɗaya, shi ne ya dawo yana yi wa kansa dariya. Jennifer Lee ce ta rubuta Frozen, kuma ita ce mace ta farko da ta ba da umarnin dogon katun a sashen zane na Disney, tare da Chris Buck. Ya tara sama da dala biliyan 1.2, sai kowa ya gane labarin 'yan uwa mata ma yana kawo kuɗi.

Ɗan Auta:
Kuɗi dai, Anti. Nan gizo ke saƙa. Ko sunan Tangled ai Rapunzel aka fara sa masa, aka canza, jaridu suka yi ta cewa don kar yara maza su ga sunan gimbiya su ƙi shiga.

Mai Kula da Zaure:
Muhawara na tafiya daidai. A ci gaba da mutunta juna, kuma wanda zai faɗi ƙarshen fim ya yi gargaɗi tukuna, an kawo mini ƙara.

Ɗan Auta:
Ranka ya daɗe, fim ɗin 1950 ma sai an yi gargaɗi?

Maman Ilham:
Ku dawo da ni kan dodo don Allah, shi ne wanda na kasa yanke hukunci a kai. Ina son Belle, jarumar Beauty and the Beast. Tana karatu, ta ƙi kyakkyawan garin da kowace budurwa ke rububi, ta sadaukar da kanta don ubanta. Amma idan na cire waƙoƙin da kofuna masu rawa, abin da ya rage shi ne: namiji mai zafin rai ya tsare mace, yana daka mata tsawa, ya ce in ba ta ci abinci da shi ba kar ta ci, ita kuma da kyawun hali ta gyara shi. Wannan tunanin na "zan canza shi" ya cinye mata da yawa.

Malam Mai Zane:
Hujjarki mai ƙarfi ce, sai dai a duba tsarin abin. Ba ta lallashe shi lokacin da yake tsawa ba. Ta ƙi fitowa cin abincin. Da ya firgita ta, ficewa ta yi daga gidan cikin dare. Ba ta fara sakin fuska ba sai da shi ya fara canzawa, kuma ba ta furta so ba sai bayan ya sake ta ta tafi, yana sane cewa tafiyarta na nufin ya dawwama a dodo. Linda Woolverton ce ta rubuta shi, mace ta farko da ta rubuta dogon katun na Disney, kuma shi ne katun na farko da ya shiga takarar Oscar ta gwarzon fim baki ɗaya. Hannun mace ya nuna a jikin Gaston, kyakkyawan garin nan da ta ƙi: a tsohon tsari mai faɗin ƙirji da farauta shi ne jarumi, a nan shi ne mugu.

Hajiya Kaka:
A fim ne dodo ke sakin mutum, ɗana. Ni abin da zan gaya wa jikata shi ne, in kin ga mai tsawa, ki ɗauka haka za ki same shi bayan shekara 20. In ya gyaru, alhamdu lillahi, amma ba aikinki ba ne.

Ummi Ɗaliba:
Kuma a lura: ita dole ta so shi da muninsa, amma ita kyakkyawa ce tun daga sunanta, don Belle na nufin kyakkyawa. Ladanta kuma ya koma kyakkyawan yarima. Yaushe aka ce wa namiji ya so mummuna don halinta?

Ɗan Auta:
Shrek, 2001. Fiona ta koma dodanniya ta zauna a haka, ya ce ta yi masa. Ta kuma lakaɗa wa 'yan fashin daji duka ita kaɗai yana tsaye baki buɗe.

Ummi Ɗaliba:
Shi ma ai dodo ne, Auta. Ita ta koma irinsa. An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Auta:
To tunda an taɓo ni, bari in yi dogon rubutu sau ɗaya a rayuwata. Duk kun maƙale a Amurka. Ku leƙa Japan, wurin kamfanin katun na Studio Ghibli da aka kafa a 1985.

Akwai Whisper of the Heart na 1995, wanda Yoshifumi Kondo ya ba da umarni. Ba sarauta, ba tsafi, 'yan makaranta ne biyu. Shi yana son ya koyi ƙera goge irin na Turawa a garin Cremona na Italiya. Ita da ta ga ya san inda ya dosa sai kunya ta kama ta, ba kishi ba, ta ce ita ma bari ta gwada kanta, ta duƙufa rubuta labari har karatunta ya fara taɓuwa. Soyayyar ba ta sa ta bar burinta ba, ita ta tono mata shi. Wurin da nake so ku gani yana ƙarshe (Mai Kula, ga gargaɗina): ya goya ta a keke da asuba, suka zo hawan tudu, yana ta nishi yana son ya nuna zai iya kai ta sama shi kaɗai. Sai ta diro ta kama turawa daga baya, don ba ta yarda ta zama kaya ba. Suka hau tare. Ba takobi, ba kasko, ba wanda aka wulaƙanta. Ni duk surutun daidaito da ake yi ban ga inda aka zana shi kamar a tudun nan ba.

A Princess Mononoke na 1997 kuma, na Hayao Miyazaki, saurayi da budurwa sun so juna amma ita ta ce ba za ta iya yafe wa mutane ɓarnar daji ba. Bai ce ta biyo shi ba, ba ta ce ya bar mutanensa ba. Ta zauna a daji, ya zauna a gari, zai riƙa zuwa. Ummi, ga amsar "shi me ya bari".

Anti Rabi:
Ashe Auta ana magana. Amma kar ka wanke su tas. A Howl's Moving Castle na 2004, yarinya ta shiga gidan matsafi, abu na farko da ta ɗauka tsintsiya. Wanki, shara, girki, lallashin namijin da ya narke don launin gashinsa ya ɓaci. Me ya raba ta da Snow White da ta shiga gidan wadanni 7 ta kama share-share?

Ɗan Auta:
Bambancin, Anti, ba a ba ta aikin ba, ita ta naɗa kanta, kuma da tsintsiyar ta karɓe mulkin gidan. Sannan wa ke tsayawa gaban madubi a fim ɗin? Namijin. Shi ne mai kwalliya, shi ne matsoraci mai ɓuya. Ita da aka mayar tsohuwa 'yar 90 sai ta samu bakin da ba ta da shi tana budurwa.

Anti Rabi:
Ta karɓe mulki da tsintsiya. To. Allah ya ba ka mata mai irin wannan mulkin, mu ga ko kai za ka karɓi tsintsiyar wata rana.

Hajiya Kaka:
Amin.

Malam Mai Zane:
Misalin keken nan ya tsaya mini a rai, don ya fito da abin da nake ta laluben yadda zan faɗa. Masu yin katun na yanzu sun gano hanya mai sauƙi ta kauce wa zargi: a cire soyayyar gaba ɗaya. Brave na 2012 ba saurayi. Moana na 2016 ba saurayi. Elsa ta Frozen ba saurayi. Ba laifi ba ne, yarinya ta ga cewa labarinta na iya cika ba tare da aure a ƙarshe ba. Amma wannan ba amsa tambayar ba ce, tsallake ta ne. Zana mace ita kaɗai da baka da kibiya ya fi sauƙi a kan zana mutum biyu da kowanne ke da burinsa, su so juna, kuma kar ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Wanda ya gwada a Disney shi ne The Princess and the Frog na 2009. Tiana tana aiki wuri biyu a New Orleans tana tara kuɗin buɗe gidan abincinta. Yariman kuwa shagwaɓaɓɓe ne da iyayensa suka yanke wa kuɗi, ko wuƙa bai iya riƙewa ba sai da ta koya masa. Shi ya koyi aiki, ita ta koyi hutawa. A ƙarshe ba ita ta tare a fadarsu ba, shi ya naɗe hannun riga suka gyara ginin tare.

Ummi Ɗaliba:
Malam, na yarda da wannan, da ƙorafi ɗaya: gimbiya baƙar fata ta farko a tarihinsu, suka bar ta a kwaɗo fiye da rabin fim.

Abban Khalifa:
Ke dai ba a gama miki daidai.

Ummi Ɗaliba:
A gama ɗin mu gani, Yaya.

Maman Ilham:
Ina da wata kuma. A ƙarshen Tangled saurayin yana bakin mutuwa, ita ta yi alƙawarin bin matsafiyar har abada in an bar ta ta warkar da shi da gashinta. Sai ya datse gashin, ya zaɓi ya mutu ita ta 'yantu. Na yi hawaye a wurin. Amma daga baya na ce, ya tambaye ta? Gashinta ne, shawararta ce, ya yanke mata duka biyun.

Abban Khalifa:
Yanzu mutum ya ba da ransa ma sai ya cika takardar neman izini?

Anti Rabi:
Ita ma ai ba ta tambaye shi ba kafin ta sayar da 'yancinta dominsa. Kowanne ya yi wa ɗayan shisshigi don so. Ni wannan ban ga wanda ya fi wani ba.

Ummi Ɗaliba:
Sai dai nasa shisshigin ne ya tabbata.

Hajiya Kaka:
Maman Ilham, duk wannan dogon zance, ita mai tambayar me kika ce mata da safe?

Maman Ilham:
Ban ce komai ba, Hajiya, ita ta riga ni. Tana shirin makaranta ta ce ta gano: wai ƙila ya tambaya, kiɗa ne ya yi yawa bai ji ba. Ta nema masa uzuri da kanta. Na tsaya ina kallon ta, ban san ko dariya zan yi ba.

Auta, wannan na keken, yarinya 'yar 7 za ta iya bin sa, ko sai ta ƙara girma?

Ɗan Auta:
Zai yi mata tsawo, Anti, tafiyarsa a hankali take. Ki fara kallo ke kaɗai. Abban Khalifa ma ya kalla, har da Khalifa.

Abban Khalifa:
In dai ba a dukan kowa da kasko, turo sunan.